A Duba Amale Kafin A Zargi Taguwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na noma da kiwo. Muna gaida mutanen Madobi da Kwankwaso da Kafin Agur, da na Kura da Karfi, da na Bunkure da Kadawa da Garun Malam, da duk wanda muryarmu ta iske a bakin kanal yana ban-ruwa. Gaisuwa ta musamman ga baƙinmu masu raƙuma da suka yada zango a gefen gonaki. Yaya sanyi, yaya garke? Allah Ya ƙara albarka.

Yau maganarmu a kan haihuwar raƙumi take, kuma ta ɓangaren namiji za mu ɓullo mata. Za mu kira wasu abubuwa da sunansu, maniyyi da maraina da barbara. Iyayenmu da ke saurare su yi mana afuwa, ilimi ne ya kawo haka, kuma dukiyar mutane ce ake son tsarewa.

Wani zai ce, me ya haɗa Madobi da raƙumi, mu da aka sani da shinkafa da alkama da tumatir? Ai ruwan ne ya haɗa mu. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta kanal zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, yankin nan ya zama wurin da ba a rasa ɗanyen ganye rani da damina. Inda kuwa aka samu ruwa da bambaro da kara da harawa, dabba za ta zo. Da an kau da amfanin gona, garkunan raƙuma kan gangaro daga arewa, daga ƙasashen Damagaram da Maradi, su ratso iyaka su bazu a Jigawa da Katsina da Kano. Cikinmu ma akwai masu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis su sayo raƙumi don ɗaukar kaya ko don kasuwanci. Sannan lokacin da muke shuka alkama, wato farkon sanyi, shi ne daidai lokacin barbarar raƙuma. Malaman Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu sun zaga ƙauyukan kan iyakar Najeriya da Nijar sun tattauna da makiyaya, aka buga sakamakon a 2011, kuma abin da makiyayan suka shaida musu shi ne amale kan motsa ne daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da hunturu ke kankama. Ke nan wani ɓangare na cikin da taguwoyi ke ɗauka, a ƙasarmu ake ɗaukarsa, da abincin gonakinmu da ruwanmu, da kuma ƙudajenmu.

Bari mu fara da lissafi, don a ga nauyin abin. Taguwa sai ta kai wajen shekara 4 ake ba ta namiji. Cikinta wata 13 ne ko kusa da haka, ɗa ɗaya take haifa, kuma in komai ya tafi daidai, shekara biyu-biyu take haihuwa. In sanyin bana ya wuce ba ta ɗauka ba, sai a jira na baɗi. Shekara guda ta tafi ke nan, babu ɗa, babu nono, ga ciyarwa ga shayarwa. Mai taguwa 20 da ya dogara da amale ɗaya, in amalen nan irinsa ya lalace, asarar ta shafi duka 20 ɗin a lokaci guda.

To amma idan haka ta faru, wa ake zargi? Taguwa. Sai ka ji an ce juya ce, a kai ta kasuwa, daga nan sai mayanka. Masu bincike da suka yi aiki a mayankun Kano da Sakkwato da Maiduguri sun sha tarar da ɗan tayi a cikin taguwoyin da aka yanka. Shi kuwa amale ba mai taɓa shi, saboda idon kowa ya ga ƙarfinsa.

Kuma lallai abin kallo ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da amale a tsakiyar sanyi ya san haka. Ga ruri daga can cikin maƙogwaro, ga cizon haƙora har kana jin ƙararsu, kumfa na zuba daga baki. Sai ya hura wata jar fata mai laushi daga ganɗarsa, ta kumbura ta rataya a gefen baki, sannan ya haɗiye ta. A ƙeyarsa, bayan kunnuwa, wani baƙin ruwa mai wari yana tsattsafowa yana ɓata gashin wuya. Ya ware ƙafafun baya yana fitsari, yana kaɗa wutsiya yana watsa wa gadon bayansa. Abinci ma ba ya damunsa, har cikinsa ya shafe. Makiyayi ya dube shi ya ce, wannan ya cika namiji.

Malam makiyayi, duk waɗannan alamun sha'awa ce suke nunawa. Sha'awa daban, ingancin iri daban. Akwai amalen da zai yi duk wannan, ya hau taguwa goma, ko ɗaya kada ta ɗauka.

Manoman alkama da shinkafa za su fi kowa saurin gane wannan. Buhun iri yana iya zama fes a ido, ƙwaya ƙosassa, amma manomi mai hankali kan ƙirga ƙwaya 100 ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya jira 'yan kwanaki ya ga nawa suka tsira. In 90 suka fito, ya shuka da kwanciyar hankali. In 30 ne, ya san kuɗin taki da na ruwa zai zubar a banza. To irin wannan gwajin ne likitocin dabbobi ke yi wa maniyyin namiji.

Abin da amale ke zubarwa a hawa ɗaya ba shi da yawa idan aka dubi girman jikinsa, galibi tsakanin mililita 2 zuwa 10 ne, fari ko fari mai ɗan toka. A cikinsa akwai ƙwayoyin haihuwa miliyoyi da ido ba ya gani. Kowace tana da kai, wanda ke ɗauke da gadon uba, da wutsiya wadda take kaɗawa ta yi iyo. Aikinta ta ratsa mahaifa ta isa inda ƙwan mace yake. Wadda ba ta motsi ba za ta isa ba, wadda ke zagaye wuri ɗaya ita ma ba za ta isa ba. Shi ya sa masana ke ba motsi muhimmanci ƙwarai.

Ga yadda ake dubawa. Likita zai ɗiga ɗigo guda a kan ɗan gilashi da aka ɗumama zuwa digiri 37, wato ɗumin jiki, domin sanyi kaɗan ma yana sandarar da ƙwayoyin. Sai ya sa a ƙarƙashin madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, ya duba abu huɗu. Na farko yawa: filin ya cika da ƙwayoyi, ko jefi-jefi ne? Na biyu motsi: cikin kowace 100, nawa ke tafiya gaba kai tsaye? Inda ake wannan aiki, ana son a ga rabi ko fiye. Na uku rai: akan haɗa ɗigon da wani rini, matattun ƙwayoyi su sha rinin su yi ja-ja, masu rai su ƙi sha su zauna farare, sai a ƙirga. Na huɗu siffa: akwai masu lanƙwasasshiyar wutsiya, da masu kai biyu, da waɗanda kan ya rabu da wutsiyar. In irin waɗannan suka yi yawa, alama ce cewa wani abu ya taɓa marainan.

Sai dai raƙumi ya sha bamban da sa da rago. Maniyyin bijimi ruwa-ruwa ne, da an ɗiga za a ga ƙwayoyi na tururuwa. Na raƙumi kuwa yana da kauri da yauƙi sosai, in ka ɗaga shi da tsinke sai ya yi zare. Ƙwayoyin suna maƙale a cikin yauƙin, sai dai su riƙa kaɗa wutsiya a inda suke. Sai ya tsinke, wani cikin mintuna, wani sai bayan sa'o'i, kafin su samu sakewa su kama hanya. Saboda haka wanda bai san raƙumi ba yana iya duba sabon maniyyi ya yanke hukuncin cewa ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. A ɗakunan bincike akan tsinka shi da ruwan haɗi na musamman, wasu ma da wani sinadari da ake samu daga ƙaron gwanda, kafin a auna motsin.

Akwai wata hikima kuma a cikin ruwan. Saniya da tunkiya kan saki ƙwai da kansu idan lokacinsu ya yi, ko an hau su ko ba a hau ba. Taguwa kuwa sai an hau ta take sakin ƙwai, bayan kwana ɗaya zuwa biyu. A 2012 masana suka tabbatar da sinadarin da ke cikin ruwan maniyyin dangin raƙumi wanda ke sa jikin macen ya saki ƙwan. Wato amale aiki biyu yake yi a hawa ɗaya, ya kawo iri, ya kuma sa a fito da ƙwan da irin zai tarar. Wannan ya sa barbarar da aka katse ta kan tashi a banza. Raƙuma a durƙushe suke saduwa, kuma abin kan ɗauki minti 5 zuwa 20. A bar su su gama. Kada yara su kewaye su da ihu, kada a sa sanda.

(Kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ingancin irin amale. Yanzu sai mu dubi abin da ke lalata shi.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, ƙwayar haihuwa ba a kwana ɗaya ake yin ta ba. A manyan dabbobi tana ɗaukar wajen wata biyu daga farkon halittarta a maraina zuwa nunarta. Irin da amale zai bayar a Disamba, tun Oktoba aka fara gina shi. Zazzaɓin da ya yi kwana huɗu ya warke yana iya ɓata irin makonni masu yawa a gaba, a lokacin da kowa ya manta ya yi ciwo. Don haka shirin barbara tun ƙarshen damina ake fara shi.

Sai zafi. Maraina suna bukatar su fi sauran jiki sanyi kaɗan kafin su yi aiki. A bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40, kuma a wannan lokacin marainan raƙumi kan ragu, su yi laushi, ƙwayoyin su ragu a yawa da motsi. Wanda ya bari sanyi ya wuce sannan ya fara neman amale, ya makara.

Sai abinci. Mun ce amale kan rage ci idan ya motsa, saboda haka da kitsen da ya tara yake aiki. Wanda ya shiga sanyi tozonsa a kwance, ba zai kai ƙarshen lokacin da ƙarfinsa ba. A nan yankinmu akwai bambaron shinkafa jibge, amma bambaro cika ciki kawai yake yi. A haɗa masa da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, a bar shi ya kai bakinsa ga gawo da aduwa da bagaruwa, domin ɗanyen ganye na ɗauke da sinadaran da maraina ke bukata. Kada a hana shi gishiri da kanwa, raƙumi ya fi saniya bukatar gishiri nesa ba kusa ba. Angurya kuwa a yi hattara da ita. Tana sa ƙiba, amma tana da wani sinadari da aka tabbatar yana raunana irin bijimai da raguna idan ta yi yawa, don haka kada ta zama abincin namijin da aka ware don barbara. Haka kuma kada a saki raƙuma cikin gonar tumatir ko kayan lambu da aka yi wa feshi kwanan nan. A tambayi mai gona tukuna, a nemi izininsa, a ji yaushe ya yi feshin ƙarshe. Wannan ya tsare dabba, ya kuma tsare zumunci.

Sai cuta, kuma a nan ne ruwan da muke alfahari da shi yake da nasa sharrin. Bakin kanal da fadamu matattarar bobuwa ce da sauran ƙudaje masu cizo, su ne ke ɗaukar sammoren raƙumi daga wannan dabba zuwa waccan. Alamunsa zazzaɓi mai zuwa yana komawa, rama, zubewar tozo, da ƙarancin jini. Yana sa taguwa ɓari, yana kuma lalata marainan amale. A shayar da raƙuma da sassafe ko da yamma lis, a mayar da su tudu, kada su yini a bakin ruwa lokacin da ƙudaje suka fi kai hari. Kuma don Allah a ji wannan da kyau: allurar sammoren shanu, wadda aka fi sani da Berenil, tana iya kashe raƙumi. Akwai magungunan da suka dace da shi, likitan dabbobi ne zai zaɓa ya auna. Akwai kuma bakkale, mai kumbura maraina da gwiwoyi, mai sa ɓari, wadda mutum ma kan kamu da ita ta shan ɗanyen nono ko taɓa mabiyiya da hannu tsirara. A dafa nono, a binne abin da aka ɓarar. Ƙazuwa da kaska su ma ba ƙananan abokan gaba ba ne, musamman in suka kama fatar maraina.

Sai rauni. Marainan raƙumi a baya suke, can sama ƙarƙashin wutsiya, kuma idan amale biyu suka kama faɗa, nan suke kai wa juna cizo. Cizo ɗaya yana iya gama da namijin da aka yi shekara shida ana reno. Kada a haɗa manyan maza biyu a garke ɗaya lokacin sanyi. A kuma nisanta yara da amalen da ya motsa, domin a wannan hali ko mai shi ba ya ragawa.

Na ƙarshe, yawan aiki da shekaru. Raƙumi kan fara nuna sha'awa tun yana shekara 3, amma sai wajen 5 zuwa 6 yake cika. Ƙosasshen amale yana iya wadatar da taguwa 20 zuwa 50 a sanyi ɗaya, amma in ana ta jera masa mata a yini guda, ƙwayoyin hawan baya ba sa kai na farko yawa. A ba shi hutu, a kuma sauke masa kaya a wannan lokacin. Bayan wajen shekara 5 a garke ɗaya, 'ya'yansa mata sun isa barbara, sai a musanya shi da na wani garken don kada ya hau jininsa.

To, mai raƙumi da ke zango a bayan Bunkure, ba shi da madubin likita, me zai iya yi? Abu biyu, kuma ba sa cin ko kwabo.

Na farko, duba da hannu, tun kafin amale ya motsa. A durƙusar da shi, a ɗaure ƙafafu da kyau, wani ya riƙe akala. Ka tsaya ta gefe, ka ɗaga wutsiya, ka shafa marainan ɗaya bayan ɗaya. Su kasance biyu, kusan girma ɗaya, masu ɗan tauri da santsi, suna zamewa cikin fatarsu. In ɗaya ya shanye, ko ya yi tauri ƙiƙam, ko ya kumbura da zafi har dabbar na zabura, ko ka ji ƙulli ko tabon tsohon cizo, to a kira likita. Mai saye a kasuwa ma ya yi wannan dubawar kafin a yi sallama, kamar yadda yake duba haƙora da ƙafa.

Na biyu, ƙirga. Makiyaya sun san cewa taguwar da ta ɗauka, bayan wajen mako biyu, kan ɗaga wutsiya ta murɗe ta sama idan namiji ya matso. Alama ce mai amfani, ko da yake takan yi kuskure wani lokaci. A rubuta ranar da aka hau kowace taguwa, da boko ko da ajami, ko a sa yaro ya adana a waya. In taguwa ɗaya ce ke ta komawa wajen namiji, sauran sun ɗauka, matsalar tata ce, a duba ta. In kuwa cikin goma, bakwai sun dawo, to a daina kallon matan. A nemi wani amalen tun sanyi bai ƙare ba.

A wasu ƙasashe an yi nisa a wannan fanni. Indiya ta kafa cibiyar binciken raƙumi a Bikaner tun 1984. A Dubai akwai cibiyar haihuwar raƙuma, inda ake ɗibar maniyyi a zuba wa mace da na'ura, ake kuma ɗauke ɗan tayi daga taguwar tsere a dasa wa wata ta rena. Duk da haka, yauƙin nan da muka ambata ya hana aikin sauƙi. Maniyyin bijimi ana daskarar da shi ya yi shekaru, a kai shi ko'ina, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya. Na raƙumi kuwa, in an daskarar an narkar, cikin da ake samu da shi kaɗan ne idan aka kwatanta da sabo. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, har yanzu amalen da ke tsaye a garke shi ne madogara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2024 a matsayin shekarar raƙuma da danginsu, saboda an ga yadda dabbar nan ke ba da nono da nama a inda fari ya kayar da shanu. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da masana wannan ilimi, muna roƙon hukumomin aikin gona su kusanto da su zangon makiyaya a farkon kowane sanyi.

Mun san al'adar aron amale tana nan, kuma al'ada ce mai kyau. Hadisi ya zo da hani a kan karɓar kuɗin hawan namijin dabba, malamai kuma sun yi bayani a kan kyauta da haya ta ƙayyadadden lokaci, sai a tuntuɓe su. Abin da za mu ƙara shi ne amana. Wanda ya san amalensa ya yi ciwo, ko bara matan da ya hau ba su ɗauka ba, ya faɗa wa mai aro gaskiya. Mai kawo taguwar da ta yi ɓari shi ma ya faɗa, kada ya kai cuta garken ɗan'uwansa.

Jama'a, a taƙaice: a fara ciyar da amale wata biyu kafin sanyi, a shafa marainansa, a raba shi da ƙudajen bakin ruwa da abokan faɗa, a bar allura ga likita, a kuma rubuta ranakun barbara. Kada a sake kai taguwa mayanka da sunan juya ba a duba namijin da ya hau ta ba. Wanda ya ji, ya isar wa maƙwabcinsa da ke zango, domin ba kowa ke kusa da rediyo ba a wannan lokaci.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah Ya sa albarka a garke da gona, Ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.